Tarihin James Aggrey, malamin da ajali ya riska yana rubuta kundin digirinsa na uku

Duk wanda ya san Fatakwal ya san Titin Aggrey. A garin Arochukwu na Jihar Abiya ma akwai tsohuwar kwaleji mai wannan suna, wadda Alvan Ikoku, mutumin da hotonsa ke jikin takardar naira goma, ya kafa a 1932. Sai dai mai sunan ba ɗan Najeriya ba ne. Malamin makaranta ne daga ƙasar Gwalkwas, wadda a yau ake kira Gana, kuma yana cikin 'yan Afirka na farko-farko da suka ƙetare teku suka yi karatun gaba da digirin farko a fannin ilimi. Ya shafe fiye da shekara talatin yana koyarwa, yana riƙe da rajista da asusun makaranta, yana ba gwamnoni shawara kan yadda za a tsara karatun nahiya guda. Amma sau biyu kujerar shugabancin babbar makaranta tana matsowa kusa da shi, sau biyun kuma ana janye ta.

An haifi James Emman Kwegyir Aggrey ranar 18 ga Oktoba, 1875, a Anomabu, wani gari na Fantawa da ke bakin teku. Mahaifinsa, Kodwo Kwegyir, shi ne kakakin sarkin garin. A al'adar mutanen Akan sarki ba ya magana da jama'a kai tsaye a zaman fada. Kakaki ne ke karɓar maganar sarki ya gyara ta ya isar, ya kuma karɓi ta talakawa ya tausasa ta ya mayar. Aiki ne mai daraja da ke bukatar fasahar harshe da haƙuri, amma mai yin sa ba ya hawa karaga. Wanda ya bi rayuwar ɗan daga farko zuwa ƙarshe zai ga cewa sana'ar uban ya gada, fadar ce kawai ta canja.

Ya yi karatu a makarantar mishan ta Wesleyan da ke Cape Coast, ya kuma zauna a gidan wani Baturen mishan, Dennis Kemp. Bai kai shekara goma sha bakwai ba aka tura shi koyarwa a ƙauyen Abura Dunkwa, shi kaɗai da yara masu yawa. Kafin ya cika ashirin da uku ya zama hedimastan makarantar da ta yaye shi. A tsakanin nan ya yi wa rundunar Ingila tafinta a fitar da ta yi zuwa ƙasar Asante a 1896, sannan ya yi aiki da ƙungiyar kare haƙƙin 'yan ƙasa da ta yaƙi dokar filaye ta 1897, dokar da ta so mayar da filayen gargajiya hannun gwamnatin mulkin mallaka. Tun yana saurayi ke nan yana da ƙafa ɗaya a wajen Turawa, ɗaya a wajen mutanensa.

A 1898 Bishop John Bryan Small na cocin AME Zion, cocin baƙaƙen fatar Amurka, ya zaɓe shi domin ya je ya yi karatu ya dawo ya yi wa cocin aiki a gida. Ya sauka a Kwalejin Livingstone da ke garin Salisbury a Jihar Karolina ta Arewa, ya sami digirin farko a 1902. Bai dawo ba. Kwalejin ta riƙe shi malami, daga baya ta ɗora masa aikin magatakarda da na sakataren kuɗi. A nan ne ya koyi tafiyar da makaranta a aikace: karɓar ɗalibai, bin bashin kuɗin makaranta, lallaɓa albashin malamai a kwalejin da kullum aljihunta ke a bushe. Ya auri Rose Douglass, 'yar Jihar Virginia, a 1905, suka haifi 'ya'ya huɗu. A 1912 ya sami digiri na biyu daga Livingstone da kuma digirin dakta a ilimin tauhidin Kirista daga makarantar Hood, kuma daga nan ne laƙabin Dakta ya bi shi. Daga 1914 ya haɗa da limancin wasu ƙananan coci biyu na karkara, inda ya riƙa ƙarfafa wa manoma baƙaƙen fata gwiwar yin asusun haɗin gwiwa da mallakar gonakin kansu.

Shi kansa ya san cewa laƙabin da ake kiran sa da shi ba irin wanda manyan jami'o'i ke girmamawa ba ne. Saboda haka ya ɗora idonsa a kan Jami'ar Columbia da ke New York. Ya fara halartar darussanta na lokacin hutun bazara a 1904, ya koma gadan-gadan daga 1914. A wancan zamani kwalejin horar da malamai ta Columbia ita ce cibiyar da ake mayar da shugabancin makaranta fannin karatu mai zaman kansa, da ƙididdiga da kasafin kuɗi da dabarun duba aikin malamai, kuma ɗalibai na zuwa mata daga Sin da Indiya da sauran ƙasashe. Aggrey ya karanci ilimin koyarwa da halayyar ɗan Adam, ya kuma zauna a gaban Farfesa Franklin Giddings a fannin nazarin zamantakewa. Karatu ne na mai iyali: wata tara yana aiki a Kudu, inda doka ta raba baƙi da fari har a jirgin ƙasa, sannan ya tattara ɗan abin da ya rage ya hau zuwa New York na makonni kaɗan.

A 1917 kujerar shugaban Livingstone ta zama babu kowa. Aggrey ya yi wa kwalejin hidimar shekara goma sha biyar, ya san ciki da bayanta, kuma ya sa rai. Aka ba wani. Masu rubuta tarihinsa sun danganta hakan da kasancewarsa baƙo ɗan Afirka, abin da ya fi ciwo domin waɗanda suka yanke hukuncin baƙaƙen fata ne 'yan uwansa. Bai bar aikin ba.

Shekara uku bayan haka ƙofa ta buɗe ta wani ɓangaren. Gidauniyar Phelps-Stokes ta New York ta shirya tawagar da za ta binciki halin da makarantun Afirka ke ciki, ƙarƙashin jagorancin Thomas Jesse Jones, aka kuma sa Aggrey a ciki, shi kaɗai ne ɗan Afirka. Daga 1920 zuwa 1921 suka zaga Saliyo, Laberiya, Gwalkwas, Najeriya, Kamaru, Kwango, Angola da Afirka ta Kudu. Bayan shekara ashirin da biyu ya sake taka ƙasar haihuwarsa. Ko'ina ya tsaya jama'a na cika wuri domin su ga baƙin mutum da Turawa ke saurare. Ko'ina kuma ana tuna masa launin fatarsa, a teburin cin abinci na jirgin ruwa, a masauki, a motar haya ta Afirka ta Kudu. Ya ɗauki dariya da barkwanci a matsayin garkuwa, har wasu suka ɗauka abin ba ya damun sa. Hastings Banda, wanda ya zama shugaban Malawi, ya saurare shi a Afirka ta Kudu. Nnamdi Azikiwe ya saurare shi yana ɗan makaranta a Legas, kuma jawabin na cikin abin da ya sa ya nufi Amurka karatu a 1925.

Rahoton tawagar, wanda ya fito a 1922, shi ne wurin da ake yi wa Aggrey hisabi har yau. Jones ya ɗauko tsarin makarantun Hampton da Tuskegee na kudancin Amurka, wato a karkata karatun baƙar fata ga noma, sana'ar hannu, tsafta da zaman karkara, ya ce shi ya dace da Afirka. W.E.B. Du Bois da masu ra'ayinsa sun ga hakan a matsayin dabarar hana baƙar fata ilimi mai zurfi domin ya dawwama lebura. Turawan da suka mamaye gonakin Kenya da Rodeshiya kuwa sun yi maraba da rahoton, kuma dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Aggrey ya yi imani da darajar noma da aikin hannu, amma bai taɓa yarda a tsaya nan ba. Jami'a yake so wa Afirka, kuma rayuwarsa kanta shaida ce. Duk da haka, gaskiya ita ce fuskarsa da zaƙin bakinsa ne suka sa 'yan Afirka da yawa suka haɗiye tsarin da ba shi ya rubuta ba. Kakaki yana iya tausasa saƙo, amma ba shi da ikon canja shi.

Da ya dawo daga zagayen ya zauna a Columbia sosai. A 1922 ya karɓi digiri na biyu na jami'ar tare da difilomar koyarwa, a Disambar 1923 kuma ya ci jarrabawar share fagen digirin digirgir. Abu ɗaya ya rage, rubuta kundin bincike, wanda ya yi niyyar ginawa a kan dangantakar Ingila da Afirka. Kafin ya zauna rubutun aka sake kiran sa. A farkon 1924 tawaga ta biyu ta tashi zuwa Habasha, Kenya, Yuganda, Tanganyika, Zanzibar, Nyasaland da Rodeshiya. Cikin abokan tafiyar akwai Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sani da Ɗan Hausa, mai kafa makarantar Nassarawa a 1909, a lokacin yana sakataren kwamitin da ke ba Ofishin Mulkin Mallaka shawara kan ilimi. Kwamitin ne ya fitar da takardar manufar ilimi ta 1925 wadda ta shafi Najeriya da sauran ƙasashen da Ingila ke mulka a Afirka.

Ana cikin haka gwamnan Gwalkwas, Sir Gordon Guggisberg, ya ƙudiri gina makarantar da babu irinta a Afirka ta Yamma, a kan tudun Achimota kusa da Accra, birnin da fatakenmu ke kira Ankara. Ya nemi Alexander Fraser, wanda ya yi suna wajen shugabancin wata kwaleji a Kandy ta ƙasar Silon, ya zo ya riƙe ta. Fraser ya sa sharaɗin a ɗauki Aggrey. Aka ɗauke shi, amma da wani muƙami da aka ƙera domin shi: mataimakin mataimakin shugaba. Ma'anar a fili take. Cikakken mataimaki shi ke riƙon makaranta idan shugaba ya yi tafiya, hukuma kuwa ba ta shirya ganin baƙin mutum yana ba malamai Turawa umarni ba. Da suka sauka a Oktoban 1924, aka so a ware masa masauki dabam da na sauran malamai saboda unguwar ta Turawa ce. Fraser ya ƙi, ya zauna tare da shi.

Aikin da ya faɗo masa shi ne mafi wuya. Masu ilimin boko na bakin teku suna zargin Achimota tarko ce, makarantar da za a ba 'ya'yansu karatu mai rahusa da sunan dacewa da al'ada, musamman da suka ji za a koyar da ƙananan yara da harsunan gida. Aggrey ya shiga gari-gari, fada-fada, coci-coci, yana bayani da Fantanci da Turanci, har iyaye suka saki jiki. Ya dage a ɗauki 'yan mata tare da maza, domin a ganinsa ilimin mace yana wucewa ga iyali gaba ɗaya. Tambarin makarantar, mai hoton maɓallan fiyano baƙaƙe da farare, daga misalin da ya saba bayarwa aka ɗauko shi, cewa kiɗa ba ya cika sai an haɗa duka biyun. An buɗe makarantar a hukumance ranar 28 ga Janairu, 1927. Cikin matasan da ke kwalejin horar da malamai ta Accra a lokacin, waɗanda suka ji shi suka kuma ɗauke shi gwarzo, akwai Kwame Nkrumah.

A watan Mayun 1927 ya ɗauki hutu ya tafi Amurka domin ya ga iyalinsa ya kuma kammala kundin da ya ajiye shekara uku da rabi. Ya ɗan zauna a Salisbury, sannan ya wuce New York ya duƙufa kan rubutu a tsakiyar zafin bazara. Cutar sanƙarau ta kama shi farat ɗaya, aka kai shi asibitin Harlem, ya rasu ranar 30 ga Yuli, 1927, yana da shekara 51. An binne shi a Salisbury. Kundin bai kammalu ba, Columbia kuma ba ta ba shi digirin ba.

Ko bayan rasuwarsa sunan bai huta da jayayya ba. A 1934 aka buɗe wani masaukin ɗaliban Afirka a Landan da goyon bayan Ofishin Mulkin Mallaka, aka sa masa suna Aggrey House. Ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma, wadda Ladipo Solanke ɗan Abeokuta ya jagoranci kafawa a 1925, ta yi tir da shi, tana ganin an fake da sunan marigayin ne domin a sa wa ɗalibai ido. Babban bankin Gana ya sa hotonsa a takardar sidi biyar ta musamman a 2017. Autansa, Orison Rudolph Aggrey, wanda yake da shekara ɗaya kacal lokacin da uban ya rasu, ya girma a Amurka ya shiga aikin jakadanci, ya wakilci ƙasar a Senegal da Gambiya daga 1973, sannan a Romaniya daga 1977 zuwa 1981.