Ahnafu ɗan Ƙaisu, Wanda Larabawa Ke Buga Misali da Haƙurinsa

 

Ƴan'uwa musulmi, mu a Hausa kusan kome haƙuri muke ce masa, amma Larabawa sun rarrabe. Tawali'u shi ne mutum ya ƙasƙantar da kansa alhali yana da daraja, rifƙu shi ne tausasawa cikin magana da aiki, hilimi kuwa shi ne haɗiye fushi lokacin da kake da ikon ramawa. Da wannan na ƙarshe aka san Ahnafu ɗan Ƙaisu, shugaban Banu Tamim a Basra.

Ahnafu laƙabi ne, saboda ƙafarsa karkatacciya ce tun haihuwa. Ya rayu a zamanin Manzon Allah (S.A.W.) amma bai gan shi ba, don haka cikin tabi'ai ake lissafa shi. Da ya zo Madina, Sayyidina Umar ya ji fasahar bakinsa, ya ji tsoron kada ya zama munafuki mai kaifin harshe, sai ya tsare shi shekara guda yana lura da shi, har ya tabbata cikinsa da wajensa ɗaya ne.

Shi da kansa ya faɗi inda ya koyi halin: wurin Ƙaisu ɗan Asimu, sahabi. Wata rana Ƙaisu yana zaune yana zance da jama'arsa, sai aka kawo masa gawar ɗansa, tare da ɗan ɗan'uwansa a ɗaure, shi ne ya yi kisan. Dattijon bai sauya zama ba, bai yanke zancensa ba. Da ya gama, ya yi wa yaron faɗa, ya sa aka kwance shi, aka rufe mamacin, kuma ya aika wa uwar raƙuma 100 na diyya daga dukiyarsa, domin baƙuwa ce a cikinsu. Mu da muke zaman sulhu a zauruka, mun sha ganin zumunta ta watse a kan iyakar gona, abin da bai kai ko kusa da wannan ba.

Kada a ɗauka rago ne. Shi ya jagoranci rundunar da ta ci Marwarruzi a Khurasan a shekara ta 32 bayan Hijira. A yaƙin Raƙumi, shekara ta 36, ya janye mutanensa gefe, bai yarda su zub da jinin musulmi ba. A Siffin kuwa ya tsaya tare da Sayyidina Ali. Lokacin da Mu'awiya ya nemi a yi wa ɗansa Yazidu mubaya'a, mutane suna ta yabo, shi ya yi shiru. Da aka matsa masa, ya nuna yana tsoron Allah in ya yi ƙarya, yana kuma tsoron masu mulki in ya faɗi gaskiya.

Ya rasu a Kufa zamanin da Mus'abu ɗan Zubairu ke riƙe da Iraƙi, kuma gwamnan da ƙafa ya raka gawarsa har maƙabarta. Allah ya jiƙan shi.