Kawusan, ɗan Abzin da ya tsaya wa ayarin gishiri

 

Ɗan'uwa, in ka yi lakwal ka taɓa jin sunan Kawusan, wanda littattafan Faransanci ke rubutawa Kaocen. Galibinmu layi biyu muka hardace a kansa saboda jarrabawa, muka wuce. Amma rayuwarsa ta shafe mu nan Kornaka, inda Bahaushe da Ba'abzine da Bafillace ke shan ruwan rijiya ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya. Kafin ka gane dalilin da ya sa ya ɗauki bindiga, sai ka san irin zaman da ya tashi a ciki.

An haifi Kawusan wajen shekara ta 1880 a ƙasar Damargu, arewa da Damagaram. Shi ɗan ƙabilar Ikazkazan ne, ɗaya daga cikin ƙabilun Abzinawa masu alaƙa da duwatsun Abzin. Mutanensa suna magana da Tamajak, suna da rubutunsu na kansu, tifinar, tun kafin boko ya zo. Namiji in ya balaga ana naɗa masa rawani, ya rufe fuska da amawali, mace kuwa fuskarta a buɗe take. Tantin da ake zama ciki na mace ne, da shi take zuwa gidan aure, da shi take tafiya in zama ya ƙi. Abincinsu nonon raƙumi da na awaki, da dabino, da cuku, da gero. Kada mu ɓoye gaskiya kuma: al'umma ce mai hawa-hawa, akwai masu takobi, akwai malamai, akwai maƙera, akwai bayi waɗanda ke ɗauke da wahalar kiwo da ɗiban ruwa, kamar yadda bauta take a ƙasar Hausa a wancan zamani.

To, geron nan daga ina yake zuwa? Daga gonakin kakanninmu. Da kaka ayari ke tashi daga Abzin, raƙuma dubbai bayan madugu, su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, tafiyar wajen kilomita 600 daga Agadas. Su kai gero, su ɗauko kantun gishiri da dabino. Sannan su gangaro kudu, kasuwannin Damargu da Maraɗi da Katsina har Kano, su sayar, su sayi hatsi da baƙin yadin Kura na rawani. Raƙumansu su ci kara a gonaki da rani, su bar taki. Manomi na buƙatar gishiri don miyarsa da dabbarsa, makiyayi na buƙatar gero. Ka ga kenan raƙumi shi ne igiyar da ta ɗaure arewa da kudu.

Wannan igiya ce Nasara suka zo suka yanke. A 1899 ayarin sojan Faransa na Foureau da Lamy ya ratsa Abzin, shekarar da Voulet da Chanoine suka bi ta Birnin Ƙonni suna ƙone garuruwa. Zuwa 1906 Faransawa sun zauna a Agadas zama na dindindin. Aka sa bodo, aka sa aikin dole, aka fara ƙwace raƙuma don dakon kayan soji. Wasu Abzinawa suka yi mubaya'a, wasu suka yi ƙaura gabas, wajen Kanem da Borku a ƙasar Cadi ta yau. Kawusan yana cikin waɗanda suka tafi.

Can ya shiga ɗariƙar Sanusiyya wajen 1909. Wannan ɗariƙa Shehu Muhammadu bin Ali as-Sanusi ne ya kafa ta a Makka a 1837, ta yaɗu cikin sahara ta hanyar zawiyoyi. Zawiya wurin salla ce da makarantar Alƙur'ani, kuma masaukin fatake ce mai rijiya da gona, inda ake sasanta ƙabilun da ke gaba da juna. A nan Kawusan ya koyi abin da ya bambanta shi da sauran mayaƙan Abzin, wato tara mutanen da ba dangi ɗaya ba ƙarƙashin tuta ɗaya, da yaƙi irin na zamani mai tsari. Ya yi faɗa da Faransawa a Borku. Daga baya ya koma Fezzan, kudancin Libiya, inda Sanusawa suka kori Italiyawa daga barikokinsu suka gaji makamansu.

A gida kuwa abubuwa sun ƙara lalacewa. Fari da yunwar 1913 zuwa 1914, wadda tsofaffi ke kira Kakalaba, ta cinye mutane da dabbobi. Ana cikin haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Faransa ta ƙara matsa wa talakawa da neman raƙuma da mutane. Ka yi tunanin makiyayin da fari ya bar masa raƙuma biyar, a zo a tafi da uku. A 1916 Firhun, sarkin Iwillimidan na yamma, ya yi tawaye wajen Menaka, aka murƙushe shi, ya rasa ransa a shekarar. Sarkin Agadas, Abdurrahman Tagama, a fili yana tare da Faransawa, a ɓoye kuwa wasiƙu na kai da komo tsakaninsa da Kawusan.

A watan Disamba na 1916 Kawusan ya iso Agadas da mayaƙa wajen 1,000, da bindigogi masu aman wuta, da igwa da aka ƙwato hannun Italiyawa. Tagama ya buɗe masa gari. Sojan Faransa suka shige barikinsu, aka zagaye su. Sojojin da suka rako ayarin gishiri daga Bilma ma an tare su kusa da gari an ci su da yaƙi. Kusan wata uku garin Agadas yana hannun ƴan ƙasa, amma barikin bai faɗi ba. Ran 3 ga Maris 1917 rundunar agaji ta iso daga Damagaram. Ingilishi ma sun turo sojoji daga Nijeriya don taya Faransa tsaron kudu, domin duk gasar da ke tsakaninsu, a kan wannan bakinsu ɗaya.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi ciwo. An kashe mutane fiye da 100 a Agadas da Ingal ba shari'a, cikinsu har da malaman da ba su taɓa riƙe makami ba. An kwashe mutanen duwatsun Abzin daga ƙauyukansu, an ƙwace dabbobi. Jama'a da yawa suka gudo kudu, Damargu da ƙasar Katsina da Kano da Sakkwato, wasu ba su sake komawa ba. Kawusan ya ci gaba da yaƙin sunƙuru cikin duwatsu har 1918, sannan ya fice zuwa Tibesti, daga nan Fezzan. Can aka kama shi, aka rataye shi a Murzuk a watan Janairu na 1919, ba a hannun Faransawa ba, a hannun Musulmi ƴan'uwansa da siyasa ta raba su. Tagama kuma aka kama shi a 1919, aka kashe shi a kurkukun Damagaram a 1920.

Irin wannan jarrabawa ba mu kaɗai ta sama ba. Umar al-Mukhtar, ɗan ɗariƙa ɗaya da Kawusan, Italiyawa sun rataye shi a 1931. Can ƙasar Filifin kuma, Musulmin tsibiran Mindanao da Sulu, masu rayuwar jirgin ruwa da kamun kifi da fatauci, sun shafe shekaru fiye da 300 suna ƙin mulkin Sifen. A 1906, shekarar da Faransa ta zauna a Agadas, sojan Amurka sun kashe ɗaruruwansu, har da mata da yara, a kan dutsen Bud Dajo. Su teku ne hanyar abincinsu, Abzinawa kuwa rairayi, amma abin da ake karewa ɗaya ne: addini da harshe da hanyar cin abinci da aka gada.

Masana sun saɓa a kan Kawusan. Wasu na ganin jarumi, wasu na cewa ya jawo wa Abzin halaka da yaƙin da ba shi da ƙarfin gamawa. In kana son ka auna da kanka, nemi littafin da André Salifou, ɗan Damagaram, ya wallafa a kansa a 1973. Abin da ba a gardama a kai shi ne, bai samu goyon bayan kowa ba, kuma rarrabuwar kai ta ci shi kafin igiyar rataya.

Yanzu ƴan'uwa, ina namu rabon a labarin nan? Ba bindiga ba ce, mun ga abin da take haifarwa a ƙasarmu yau. Gadon da ya rage mana shi ne zaman amanar nan tsakanin mai gona da mai garke, wanda kullum damina ake gwada shi a kan burtali da bakin rijiya. In rigima ta tashi a ƙauyenku, ku zama masu kai magana gun hakimi da liman, kada ku zama masu hura wuta a WhatsApp. Mu daina kiran maƙwabci da sunan raini don asalinsa. Ku je gun tsofaffin da suka ga ayari da idonsu, ku ɗauki muryarsu a waya tun suna raye, wanda ya iya Tamajak ko Fulatanci kuma ya koya wa ɗiyansa ba kunya. Allah ya yi mu ƙabilu daban-daban ne don mu san juna.

Allah ya jiƙan Kawusan da Tagama da malaman Agadas, ya gafarta musu kurakuransu, ya ba Nijar lafiya da damina mai albarka. Amin.