Nana Asma'u 'Yar Shehu: Masaniya Kuma Malama

Sanin abu daban, iya koyar da shi daban. Ba kowane masani ne Allah ya haɗa wa biyun ba, amma Nana Asma'u tana cikin waɗanda aka haɗa wa.

An haife ta a Ɗegel wajen 1793, ita da ɗan tagwaicinta Hasan. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarta kuwa Maimuna. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, watau ta yi karatunta ne cikin yaƙi da ƙaura. Duk da haka ta naƙalci Larabci da Fulatanci da Hausa, ta yi zurfi a ilmin addini. Daga baya ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Bayan an kafa daula, sai ga matsala babba. Akwai ɗimbin mata a ƙauyuka, wasunsu ma yaƙi ne ya kawo su, ba su iya karatu ba, bori kuma yana nan da ƙarfinsa a tsakaninsu. Littattafan Larabci da malamai suka wallafa ba su da hanyar isa gare su.

A nan gwanintar Asma'u ta bayyana. Ta riƙa rubuta wa malamai da Larabci, sauran jama'a kuwa da Fulatanci da Hausa, cikin waƙa, don mai ji ya haddace ko da bai san baƙi ba. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani a waƙe, ta kuma mayar da wata waƙar mahaifinta Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa.

Sa'an nan ta gane mutum ɗaya ba ya iya zaga ƙasa. Sai ta zaɓi dattijan mata masu mutunci, ta koyar da su, ta ɗora wa kowacce malfa, ta naɗa ta jaji. Jajis ɗin nan su ke kawo mata ɗalibai daga ƙauyuka, su koma su koyar da na gida. Su ne 'Yan Taru.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare, a Sakkwato, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin. Ma'aikaci ko ɗalibi da ya tara ilmi sai ya duba wannan: bai gama aikinsa ba sai ya san harshen da zai isar da shi ga wanda bai sani ba. Allah ya jiƙanta, amin.