Denis Burkitt: Likitan Da Ya Ɗora Alhakin Sankarar Hanji A Kan Akushi

An haifi Denis Burkitt a garin Enniskillen na tsibirin Ayalan ranar 28 ga Fabrairu, 1911. Yana ɗan shekara 11 ya rasa idonsa na dama, amma hakan bai hana shi zama likitan fiɗa ba. A 1946 ya kama aiki a Yuganda.

A asibitin Mulago da ke Kampala, cikin 1957, aka kawo masa wani yaro da kumburi a muƙamuƙi. Bin diddigin wannan cuta ya sa shi tafiyar mil 10,000 a mota cikin 1961, asibiti bayan asibiti, har ya gano cewa ta fi yawa inda zafi da damshi suka haɗu. Sankarar da ake kira da sunansa ke nan, kuma ya ga yadda magunguna irin su cyclophosphamide ke narkar da ita.

Bayan ya koma Ingila a 1966 sai ya juya ga babban hanji. Sankarar da ke addabar Turawa, da ƙyar ya gan ta a ƙauyukan Afirka. A maƙalarsa ta 1971 ya ce bambancin yana cikin abinci: hatsi da dusarsa yana hanzarta fitar bayan gida, garin da aka tace kuwa yana jinkirta shi. Ma'aikacin da ya taso da tuwon dawa, acca da wake a Kagarko, yau kuma burodi da lemon kwalba ne kalacinsa a Abuja, shi ne irin mutumin da Burkitt yake nufi.

Sai dai gwaji ba ya jin kunyar manya. A 2000, gwaje-gwajen asibiti biyu a Amurka ba su nuna cewa ƙarin dusa na hana tsiron hanji dawowa ba. A ganina, shekara uku zuwa huɗu sun yi kaɗan ga cutar da ke ɗaukar shekaru tana ginuwa. Binciken EPIC na 2003, kan mutum fiye da 500,000 a Turai, ya karkata ga ra'ayinsa. Ko ta yaya, maganarsa ta rigakafi ce. Wanda cutar ta riga ta ci ƙarfinsa, fiɗa yake buƙata da magunguna irin su 5-FU, wanda aka samar tun 1957.

Burkitt ya rasu a Gloucester ranar 23 ga Maris, 1993, yana da shekara 82.