William Halsted: Likitan da ya kashe zafin tiyata, shi kuma ya faɗa tarkon maganin

Idan zarto ya yanki hannun mai aikin katako a Kasuwar Bodija ta Ibadan aka garzaya da shi asibiti, ba lallai ne a sumar da shi ba. Likita kan iya yi masa allura a gefen wuya ko a hammata, daf da jijiyoyin da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa, sai hannun ya mutu murus na wasu sa'o'i, a ɗinke shi idonsa biyu. Wannan dabara ta samo asali ne daga wani likitan fiɗa na Amurka, William Stewart Halsted.

An haife shi a birnin New York a 1852, a gidan wadata. Ya gama Jami'ar Yale a 1874, ya zama likita a 1877, sannan ya ƙaro ilimi a Turai.

A 1884 labari ya iso Amurka cewa Carl Koller, wani matashin likita a Viyana, ya gano cewa ɗigon ruwan hodar iblis yana kashe zafi a ido. Halsted da abokin aikinsa Richard Hall suka zarce nan: suka riƙa zuba maganin da allura a kan jijiyar kanta, suka tarar duk sashen jikin da take kula da shi ya daina jin komai. Da haka aka cire haƙori aka kuma yi ƙananan fiɗa ba tare da sumar da majiyyaci ba.

Sai dai a jikinsu suka yi gwajin, a lokacin da ba a san sharrin hodar sosai ba. Jaraba ta kama Halsted, aikinsa ya taɓarɓare, har aka kwantar da shi a Asibitin Butler da ke Providence a 1886. A can aka nemi raba shi da hodar ta hanyar ba shi mofin, sai ya fito da jaraba ta biyu.

Amininsa William Welch bai yasar da shi ba. Ya janyo shi Baltimore, inda aka buɗe Asibitin Johns Hopkins a 1889, ya zama shugaban sashen tiyata. Nan ya kafa tsarin horar da likitocin fiɗa mataki-mataki, ya kuma sa aka yi safar hannu ta roba domin ma'aikaciyar jinya Caroline Hampton, wadda sinadarin wanke hannu ke cin fatarta. Ita ya aura a 1890. Duk tsawon wannan ɗaukaka bai rabu da mofin ba, ya dai iya ɓoyewa. Ya rasu a 1922, kuma sai a 1969, da aka buɗe rubutun sirri na abokin aikinsa William Osler, duniya ta san girman abin da ya yi fama da shi.

Tuni magungunan da ba sa jawo jaraba suka maye gurbin hodar iblis a wannan aiki: Novocain a 1905, sai lidoken da aka haɗa a Suwidin a 1943. A yau ɗaya daga cikin manyan amfanin allurar jijiya shi ne rage buƙatar mofin da danginsa bayan tiyata. Maganin da ya ɗaure Halsted har kabari, dabararsa ce ke nisanta majiyyata da shi.