Muhammad Rafi, mawaƙin da aka fi sanin muryarsa fiye da fuskarsa

Duk wanda ya kalli fina-finan Indiya na da a gidajen silima na Kano ko Yamai, ko ya saurari waƙoƙinsu a kaset a unguwannin zango, to da wuya a ce bai taɓa jin muryar Muhammad Rafi ba, ko da kuwa bai san sunansa ba. A tsarin fim ɗin Indiya, mawaƙi ne ke shiga ɗakin ɗaukar murya ya rera waƙa, daga baya jarumi ya motsa baki a gaban kyamara. Mai kallo sai ya tafi gida yana yabon Dilip Kumar ko Shammi Kapoor, alhali mai muryar wani ne daban.

An haifi Rafi ranar 24 ga Disamba 1924 a ƙauyen Kotla Sultan Singh, kusa da Amritsar a yankin Punjab, cikin gidan Musulmi. Tun yana yaro ya fara kwaikwayon wani fakiri da ke yawo yana waƙa a ƙauyen. Daga baya iyalinsa suka koma Lahore, a can kuma ya koyi waƙa a hannun malamai. Waƙarsa ta farko a fim da harshen Punjabi ya yi ta, cikin Gul Baloch. A 1944 ya tafi Bombay, birnin da ake kira Mumbai a yau, domin neman sa'a.

Shekara uku bayan haka aka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan. Lahore ta faɗa ɓangaren Pakistan, shi kuwa Rafi ya zauna a Bombay. Haɗuwarsa da mai tsara kiɗa Naushad ce ta ɗaga shi, musamman a fim ɗin Baiju Bawra na 1952. A cikinsa akwai waƙar ibadar Hindu wadda Musulmi uku suka haɗu a kanta: Shakeel Badayuni ya rubuta, Naushad ya tsara kiɗan, Rafi ya rera. A ƙasar da ba ta daɗe da fita daga zubar da jini tsakanin mabiya addinan biyu ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Baiwarsa ita ce sauya murya ta dace da wanda zai motsa baki. Ga Dilip Kumar sai ya yi ta a natse mai ban tausayi, ga Shammi Kapoor ya sake ta da rawar kai, ga ɗan barkwanci Johnny Walker kuma ya sa mata raha. Wannan ne ya sa wanda bai jin ko kalma ɗaya ta Hindi yake gane cewa wannan waƙar rabuwa ce, waccan ta biki ce. Masu sauraro a ƙasar Hausa sun riƙe karin irin waɗannan waƙoƙi, har wasu sha'irai suka ɗora musu baitocin begen Annabi (SAW) da Hausa.

Rayuwarsa ba ta rasa ƙalubale ba. A farkon shekarun 1960 ya saɓa da Lata Mangeshkar kan kuɗin faifai. Ita tana ganin mawaƙi na da kaso cikin cinikin waƙarsa, shi kuma yana ganin in an biya shi ladan aikinsa, magana ta ƙare. Sun yi wasu shekaru ba su yi waƙa tare ba kafin a sulhunta su. Sannan bayan fitowar Aradhana a 1969, tauraron Kishore Kumar ya haska, kasuwar Rafi ta ja baya. Bai daina aiki ba, sai ga shi waƙarsa a Hum Kisise Kum Naheen na 1977 ta ba shi lambar yabo ta ƙasa. Kafin nan gwamnatin Indiya ta karrama shi da Padma Shri a 1967, kuma a tsawon aikinsa ya ci kyautar Filmfare sau shida. Waɗanda suka yi aiki da shi sun shaide shi da kunya, da riƙo da sallah, da sassauta wa masu shirya fim marasa ƙarfi kan kuɗi.

Ya rasu sakamakon bugun zuciya ranar 31 ga Yuli 1980, cikin watan azumi, yana da shekara 55. Dubban mutane, Musulmi da Hindu, suka raka gawarsa cikin ruwan sama zuwa maƙabartar Juhu da ke Bombay. Tsarin da ya yi wa hidima na nan a finafinan Hausa, inda mawaƙi ke rerawa jarumi na motsa baki, kuma sau da yawa sunan mai muryar sai a ƙarshen fim ake ganinsa, lokacin da masu kallo suka riga suka watse. Allah ya jiƙansa.