Bobby Jones: Lauyan da ya cinye manyan kofunan golf huɗu a shekara guda, ya koma ofis

A filayen ƙwallon lambu, wato golf, na Kano da Kaduna da Achimota a birnin Accra, ba a rasa lauyoyin da ke zuwa motsa jiki bayan an tashi daga aiki. Mutumin da ya fi kowa suna a cikin masu buga wasan don sha'awa kawai shi ma lauya ne, Ba'amurke mai suna Robert Tyre Jones, wanda aka fi sani da Bobby Jones.

An haife shi ranar 17 ga Maris 1902 a Atlanta da ke jihar Georgia. Mahaifinsa lauya ne. Yaron ya taso da yawan laulayi, kuma a filin East Lake ya fara riƙe sanda. Ya karanci injiniyanci a Georgia Tech, ya yi adabin Ingilishi a Harvard, sannan ya shiga sashen shari'a na Jami'ar Emory, daga bisani ya kama aiki a ofishin mahaifinsa. A 1924 ya auri Mary Malone, suka haifi 'ya'ya uku. Iyali da aikin lauya ya sa a gaba, shi ya sa watanni kaɗan yake ware wa gasa a shekara.

Da ƙuruciya yana da zafin rai. A 1921 a St Andrews da ke Scotland, wasa ya ƙi shi, ya ɗauke ƙwallonsa ya fice daga gasar. Amma abin da ya faru a 1925 ne ya fi bin sunansa. A golf, mai ƙarancin bugu ne ke cin nasara, kuma idan ɗan wasa ya sa ƙwallo ta motsa kafin ya buge ta, ana ƙara masa bugu ɗaya a matsayin tara. A gasar US Open a Worcester, ƙwallonsa ta ɗan gusa a cikin ciyawa. Jami'an wasa ba su gani ba, har suka nemi ya bar maganar. Ya ƙi, ya sa aka rubuta masa tarar. Aka kammala gasar ya yi kunnen doki da Willie Macfarlane, aka sake karawa ya sha kaye da bugu ɗaya tak.

Daga 1923 zuwa 1930 ya ci manyan kofuna 13 ba tare da karɓar ladan gasa ba. Ko dala 50,000 da abokansa na Atlanta suka tara masa don ya sayi gida, mayar musu ya yi. A 1930 ya haɗa duka manyan gasanni huɗu na wancan zamani, biyu a Birtaniya, biyu a Amurka, abin da babu wanda ya sake yi. Kafin shekarar ta ƙare ya sanar da daina gasa yana da shekara 28. Ba za a ce ya guji kuɗi gaba ɗaya ba, domin bayan ritayar ya samu mai tsoka daga finafinan koyar da wasan da ya yi wa kamfanin Warner Brothers.

A yaƙin duniya na biyu ya yi aikin tattara bayanan sirri a rundunar sojin Amurka, ya sauka a gaɓar Normandy ta Faransa a Yunin 1944. A 1948 ya buga wasansa na ƙarshe. Ciwon laka ya riƙa cin ƙarfinsa sannu a hankali, daga sanda zuwa keken guragu, amma ya daɗe yana zuwa ofis a haka. A 1958 garin St Andrews, inda ya taɓa ficewa a fusace, ya karrama shi da matsayin ɗan gari, Ba'amurke na biyu bayan Benjamin Franklin. Ya rasu ranar 18 ga Disamba 1971, kuma masu ziyartar kabarinsa a maƙabartar Oakland ta Atlanta kan ajiye ƙwallayen golf a kai.

Akwai ɓangaren tarihinsa da masu yabonsa ba su cika tsayawa a kai ba. Shi da Clifford Roberts ne suka kafa filin Augusta National, inda aka fara gasar Masters a 1934, a kudancin Amurka na zamanin wariyar launin fata. Mutumin da ya ci kansa tara saboda ƙwallon da ta gusa, ya shugabanci kulob ɗin da baƙar fata ke shiga a matsayin masu ɗaukar jakar sanduna da ma'aikatan hidima kawai, kuma haka abin ya kasance har ƙarshen rayuwarsa. Sai a 1975 Lee Elder ya zama baƙar fata na farko da ya buga Masters, kulob ɗin kuwa bai karɓi mamba baƙar fata ba sai a 1990.